Gawa da takarda: sharhi kan katin karatun tarihin bayin Amurka

A ƙarshen daminar da ta wuce na shiga babbar kasuwar Birnin Kebbi domin a tura mini tafsiri a waya, wurin wani yaro da na saba da shi a layin masu gyaran waya, irin yaran nan da ke zaune gaban kwamfuta suna cika wa mutane kati da wa'azi da waƙoƙi da fina-finai. Da yake ya san aikina koyar da tarihi ne a makarantar sakandare, sai ya ce, "Malam, akwai wani sabon kaya da ya zo muna daga Gusau. Tarihin bayin Amurka ne da Hausa, kuma tun da na ji shi na ce Malam ne mai shi." Na ce, "To ɗana, nawa za ka bar mini?" Muka daidaita a kan Naira 3,500 har da kuɗin katin. Na saurare shi sau biyu daga farko har ƙarshe, yawanci a mota tsakanin Birnin Kebbi da Jega, kuma wasu sassa na maimaita su fiye da haka, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana a kansa.

Katin yana ɗauke da karatu 14, jimillarsu awa 9 da 'yan mintoci, duk da muryar mutum ɗaya wanda bai faɗi sunansa ba, sai dai harshensa ya nuna Bazamfare ne kuma mai karatu. Karatu takwas na farko labari ne na gaba ɗaya: jiragen ruwan da suka kwashi mutane daga gaɓar Afirka, gonakin auduga, da yaƙin basasar 1861 zuwa 1865. Ba su da laifi, amma duk wanda ya yi tarihi a aji biyar na sakandare ya san mafi yawan abin da ke ciki, don haka ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Sauran shida su ne suka biya kuɗin katin, domin a cikinsu mai karatun ya bar faɗin Amurka ya zauna a gunduma ɗaya tak ta karkara, ya bi yadda mutane suke mutuwa a cikinta.

Kafin in shiga wannan, ga abin da mai saye zai so ya sani game da kayan kansa. Murya tana fita sarai, ban da karatu na 11 wanda aka ɗauka da ƙarar janareto a bayansa, har sai mutum ya kasa kunne sosai. Ba a sa wa fayilolin lamba yadda ya kamata ba, saboda haka waya takan jera karatu na 10 bayan na 1, mutum ya ji ana binne wanda ba a riga an haifa ba; sai da na sa ɗana ya sake musu suna ɗaya bayan ɗaya. Babu taswira, babu takardar da ta rubuta sunayen mutane da garuruwa, kuma wannan babban rashi ne ga malami ko ɗalibi, domin mai karatun yana furta sunan gundumar "Ejifil", wanda duk mai son ya ƙara bincike ba zai same shi da wannan rubutu ba. Ana rubuta shi Edgefield.

Gundumar tana jihar Karolina ta Kudu, a bakin kogin Sabana, tana kallon birnin Ogosta na jihar Jojiya a ɗaya gaɓar. An kafa ta a 1785, kuma bayan da aka ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793 ƙasarta ta koma ta auduga, auduga kuwa ta jawo bayi. Zuwa ƙidayar 1860 mutanenta sun kai kimanin 40,000, kuma kimanin 24,000 daga cikinsu bayi ne, wato bayi sun fi 'ya'ya yawa. Garin Hamburg da ke cikinta a lokacin kasuwar auduga ne kuma matattarar fataken bayi, har layin dogo mai tsawon mil 136 ya iso shi daga Charleston a 1833. Mutanen wurin suna alfahari da cewa gwamnoni goma na jihar daga ƙasarsu suka fito, maƙwabtansu kuwa sun san su da wani abin dabam, wato saurin zubar da jini. Zaɓen wannan wuri shi ne hikima ta farko ta mai karatun. Idan aka ce wa mutum bayi kusan miliyan 4 ne a Amurka a 1860, adadin yakan wuce ta saman kansa kamar hadarin da bai zubar da ruwa ba, amma idan aka tsayar da shi a gunduma ɗaya da kotu ɗaya da gidajen da suka san juna, sai ya fara ganin fuskoki.

Karatu na 9 da na 10 na manyan gari ne, kuma a nan ne mai karatun ya fi sakin murya. Ya kawo labarin George McDuffie, wanda ya yi fito-na-fito da bindiga a 1822 ya tashi da harsashi a jikinsa, rauninsa ya bi shi har ƙarshen rayuwa, duk da haka ya zama gwamna kuma sanata. Ya kawo Louis Wigfall, lauya, wanda a 1840 ya harbe wani saurayi mai suna Thomas Bird a harabar kotu a kan rigimar siyasa, sannan a shekarar dai ya fita da Preston Brooks zuwa wani tsibiri a kogin Sabana suka harbi juna, kowa ya ji rauni, Brooks ya koma tafiya da sanda saboda harsashin da ya same shi a kwankwaso. Ya kawo George Tillman, wanda ya kashe mutum a wurin caca a 1856, ya gudu, ya dawo aka yanke masa shekara biyu, daga baya kuma aka zaɓe shi zuwa majalisar tarayya. Daga nan ya gangaro kan abin da ya sa duniya ta san gundumar: ranar 22 ga Mayu 1856 wannan Brooks ɗin ya shiga zauren majalisar dattawa a Washinton ya tarar da Sanata Charles Sumner zaune a kan teburinsa, ya rufe shi da duka da sanda har ya suma cikin jini, saboda wani jawabi da Sumner ya yi na sukar bauta inda ya ci zarafin Sanata Andrew Butler, ɗan'uwan Brooks kuma shi ma mutumin Edgefield. Tarar Dala 300 kawai aka ci Brooks, ya ajiye kujerarsa, mutanensa suka sake zaɓensa, daga ko'ina cikin Kudu aka riƙa aiko masa da sababbin sanduna.

Bayanin da mai karatun ya yi na abin da ke ƙarƙashin wannan hali ya gamsar da ni. Ya ce mutumin da ya tashi tun yana yaro yana ganin ubansa yana hukunta babban mutum da bulala ba tare da kowa ya tambaye shi dalili ba, ba zai iya haɗiye magana daga kowa ba idan ya girma, domin a idonsa haɗiye magana aikin bawa ne. Ya kuma lura da wani abu da ni kaina na sha wucewa ta kansa a aji ban tsaya ba: a ƙa'idarsu, fito-na-fito da bindiga sai tsakanin tsara da tsara, wanda aka raina kuwa sanda ko bulala ake sa masa, don haka zaɓen sanda da Brooks ya yi saƙo ne cewa ya ɗauki sanata a matsayin wanda ake duka. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ta nuna cewa bulalar gandu ba ta tsaya a gandu ba, ta bi masu ita har cikin majalisa.

Amma a nan ne kuma kuskurensa na farko yake. Ya ce Sumner ya mutu sakamakon dukan, alhali ya yi jinya fiye da shekara uku ya koma kujerarsa, bai rasu ba sai 1874. Wanda ya mutu farat ɗaya shi ne Brooks, a watan Janairun 1857, yana da shekara 37, da ciwon maƙogwaro da ya shaƙe masa numfashi. Ya kuma kira Brooks sanata sau biyu, alhali ɗan majalisar wakilai ne. Bayan kuskure akwai abin da ya fi damuna, wato ɗan kiɗan tashin hankali da aka sa a bayan muryar, irin na fim, da yadda mai karatun yake jan labarin harbe-harben nan da wani daɗi a bakinsa kamar mai ba da labarin 'yan tauri. A ƙasar da mutane ke kwana da fargabar 'yan bindiga, daga Zamfara har kudancin Kebbi, ban ga dalilin yi wa kisa ado ba, kuma na tabbata da yawan masu saurarensa suna da wanda suka binne.

Karatu na 11 da na 12 su ne zuciyar katin, kuma abin takaici ɗaya daga cikinsu ne mai ƙarar janareto. A nan babu kiɗa, muryar ta kwanta, kuma abin da ake bi shi ne takardun mai binciken gawa. A tsarin da Amurkawa suka gada daga Ingila, idan aka tsinci gawa, ko mutum ya mutu ba zato, ko aka yi zargin hannun wani, akwai jami'in gunduma da zai je inda gawar take, ya tara maza aƙalla 12 daga maƙwabta ya rantsar da su, a duba gawar, a kira likita idan akwai, a ji shaidu, sannan a rubuta yadda mamacin ya gamu da ajalinsa. Takardun nan da yawa sun tsira, kuma su ne suke nuna mutuwar da ba ta shiga jarida: wanda ya bugu ya kwana a fili sanyi ya kashe shi, wanda ya nutse a rafi, yarinyar da rigarta ta kama wuta a bakin murhu, matar da miji ya daka, jaririn da aka yar, da bawan da ya mutu bayan an yi masa bulala.

Mai karatun ya yi aikin da ya dace wajen bayyana dokar da ke kewaye da gawar bawa, domin idan ba a san ta ba, ba za a gane takardun ba. Dokar bayi ta 1740, wadda aka yi bayan tawayen bayi na Stono a 1739, ta sa hukuncin wanda ya kashe bawa da gangan tarar Fam 700 na kuɗin yankin, ba kisa ba. Sai a 1821 aka mayar da shi laifin da ke iya kai mutum ga rataya, kuma ko a lokacin an bar ƙofa: idan aka ce cikin zafin rai ne, tara ce da ba ta wuce Dala 500 ba da ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Sannan bawa ba ya ba da shaida a kotu a kan farar fata. Ke nan idan aka kashe mutum a tsakiyar gona a gaban bayi hamsin, a idon kotu babu wanda ya gani. Dokar 1740 ta ma ba wa ubangijin da ake zargi damar wanke kansa da rantsuwar bakinsa idan babu farin da ya shaida abin. Mutanen 12 da ake tarawa kuwa maƙwabtan mai gandun ne, wasu suna bin sa bashi, wasu yana bin su, wasu surukansa ne, kuma dukkansu sun san cewa gobe gawar tana iya kasancewa a gonarsu.

A nan ne na tsayar da mota a gefen hanya na mayar da karatun baya. Takardun suna da wasu kalmomi da ake maimaitawa kamar addu'a. Idan an yarda kisa ne, akan rubuta cewa mai laifin ba shi da tsoron Allah a gabansa, Shaiɗan ne ya zuga shi. Idan an ce mutuwar Allah da Annabi ce, akan rubuta cewa mamacin ya mutu ne ta hanyar ziyarar Ubangiji. Mai karatun bai tsaya kan fassarar kalma da kalma ba, sai ya ce, da Hausarmu abin da suke nufi shi ne "kwanansa ne ya ƙare". Daga nan ya nuna yadda takarda ɗaya kan iya ɗaukar bayanin likita na sawun bulala a bayan mamaci, sannan a ƙasanta dattawan da aka rantsar su jingina mutuwar ga wata cuta ko ga hukuncin Allah. Na ji kunya a wurin, domin na san wannan magana, na kuma sha faɗinta a wurin gaisuwar mutuwar da kowa ya san akwai hannun wani a ciki. Gaskiya ne kwana ya ƙare, babu rai da zai mutu sai da izinin Allah, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya kawo ƙisasi da diyya, bai ce ƙaddara ta wanke mai kisa ba. Wannan fassara ɗaya ta nuna mini cewa mai karatun ya san abin da yake yi, kuma da ita kaɗai zan iya cewa kuɗina bai faɗi ba.

Ya kuma taɓo batun jarirai. A ƙidayar mace-mace ta 1850, mafi yawan jariran da aka rubuta cewa uwa ce ta danne su cikin barci 'ya'yan bayi ne, kuma masu gandu sun ɗauki wannan a matsayin shaidar sakacin kuyangi. Masanan da suka zo daga baya sun karkata ga cewa da yawansu irin mutuwar nan ce ta jarirai cikin barci ba tare da laifin kowa ba, wadda aikin wahala da rashin abinci mai kyau ga mai ciki suke ƙara yawanta. Duk wanda ya ga macen karkara tana dawowa daga fadamar shinkafa da goyo a baya zai gane abin da ake nufi da gajiyar da ke sa barci ya zama kamar suma. Uwa ta rasa ɗa, sannan takarda ta rubuta ta a matsayin wadda ta kashe shi. A gefen wannan ya ajiye James Henry Hammond, gwamna kuma sanata, wanda ya tsaya a majalisar dattawa a watan Maris 1858 ya ce auduga ce sarki, ya kuma ce kowace al'umma sai da ajin mutanen da za a taka a yi gini a kansu. Wannan mutum ya samu gandu da bayi 147 a bakin kogin Sabana ta hanyar aure a 1831, kuma cikin shekara goma bayi 78 suka mutu a hannunsa, kamar yadda lissafinsa na kansa ya nuna. Babu mai binciken gawa da ya je, domin irin wannan mutuwa ba a ɗauke ta abin tambaya ba.

Sau nawa aka rataye farar fata a kan bawa? Mai karatun ya kawo Martin Posey, mutumin Edgefield, wanda a 1849 ya sa wani bawansa ya kashe masa matarsa, sannan ya kashe bawan don ya rufe bakinsa, aka rataye shi a 1850. Ya bar mai sauraro ya lura da kansa cewa a wannan shari'a akwai gawar farar mace kwance kusa da ta bawan. Na yaba da wannan kamun baki.

Yanzu ga inda na rabu da shi. A cikin awa 9 bai ambaci ƙasar Hausa ko sau ɗaya ba a matsayin wurin da aka riƙe bayi, kuma a wurare da dama yakan rufe sashe da cewa ku dubi irin muguntar Turawa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da ke karatu da Hausa, yana amfani da kalmomin gandu da rinji da kuyanga da sarkin gandu domin ya fassara Karolina, ya kamata ya tambayi kansa daga ina harshenmu ya samu waɗannan kalmomi a shirye. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarni na 19 akwai bayi tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5 a Daular Usmaniyya. A ƙarnin da Brooks da Wigfall suka harbi juna, kwarin Gulbin Kebbi ya sha yaƙe-yaƙe. Birnin Kebbi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, a shekarar aka gwabza a Alwasa, an kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849, Sarkin Gwandu Haliru ya rasu a fagen daga a Karakara a 1860, kuma in ban da ɗan sararin da aka samu lokacin Lafiyar Toga, wato sulhun da aka yi a zamanin Sarkin Kabi Toga, hari da ramuwar hari ba su tsaya ba sai da Turawa suka zo. Allah ya jiƙan magabata duka. Kowane hari daga cikin waɗannan yana barin gawa a gona, yana kuma tafiya da mata da yara, ta kowane ɓangare. Dokar Lugard ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, shekara biyu bayan zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934, ziyarar da ake ƙirga bikin kamun kifi daga gare ta. Wannan ba zamanin Kanta ba ne, zamanin kakanninmu ne.

Ba ina cewa bautar nan da ta can abu ɗaya ne ba, kuma da mai karatun ya yi kwatancen da ya samu abin faɗa mai yawa. A nan babu katangar launin fata, akwai murgu da bawa kan biya ya yi aikin kansa har ya fanshi kansa, ɗan da kuyanga ta haifa wa ubangijinta ɗa ne mai gado har yana iya yin sarauta, ita kuma tana 'yantuwa da mutuwarsa, akwai kuma bayin sarki da suka riƙe muƙamai manya. A fiƙihun Malikiyya wanda ya yi wa bawansa mummunar illa, kamar yanke masa gaɓa, an 'yanta bawan a kansa ko yana so ko ba ya so. Amma duk ɗalibin zaure da ya karanta Risala ya san cewa a babin jini an ce ba a kashe ɗa saboda bawa, ƙimarsa ake biya, tare da bulala ɗari da ɗaurin shekara ga mai kisan ganganci, kuma ƙasama, rantsuwa hamsin ɗin nan da dangin mamaci ke yi don tabbatar da jini, ba a yin ta a kan bawa. Malamai suna da bayaninsu a kan waɗannan hukunce-hukunce, kuma ba ni ne zan yi musu fatawa ba. Abin da nake cewa shi ne mai sauraro Bahaushe ya cancanci a ajiye masa dokokin biyu gefe da gefe ya duba da idonsa.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi tsaya mini a rai, kuma bai yi mana daɗi ba. Dattawan Edgefield sun sha rufe gaskiya, amma sun rufe ta ne a kan takarda, tare da sunan mamaci da rana da wurin da aka same shi da abin da likita ya gani, shi ya sa bayan shekara 170 wani Bazamfare zai iya kama su da ƙarya. Mu kuwa mun riƙe sunan sarkin da ya faɗi a Karakara, mawaƙa sun riƙe kirarin jarumai, amma wanda ya mutu a rinji ya tafi da sunansa, in ma sunansa ne, tun da yawanci laƙabi ake sa musu irin su Nagode da Alheri. Wata rana ina sauraron karatu na 12 a tsakar gida, gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura tamanin, tana zaune a tabarma tana jin abin da ake faɗa. Da aka gama sai ta ce, "Kai ɗan nan, ai mu ma da muna yara akwai wata tsohuwa a gidan kakanku mai tsagar da ba irin tamu ba, ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa." Na ce, "Gwaggo, 'yar wane gari ce?" Ta ce, "Wa ya tambaya? Mun dai tashi mun gan ta, rannan aka ce ta cika, aka kai ta." Na koyar da tarihi shekara da shekaru ban taɓa jin labarin wannan mata ba sai da katin wani ya buɗe bakin gwaggo, kuma wannan yabo ne ga katin ko da mai shi bai nufa ba.

Karatu na 13 ya wuce da sauri kan abin da ya biyo bayan 'yanci, musamman kisan Hamburg na Yulin 1876, inda fararen fata ɗauke da makamai suka kashe baƙaƙe shida, cikin maharan har da Ben Tillman, ƙanen mai cacar nan, wanda daga baya ya zama gwamna kuma sanata. Minti ashirin bai ishi wannan ba, ga alama mai karatun ya gaji. Na 14 kuwa ya farfaɗo, domin ya ba da shi ga wani bawa maginin tukwane mai suna Dave, wanda bayan 'yanci aka san shi da David Drake. Edgefield ta shahara da manyan randunan ajiye nama da kitse, kuma wannan mutum yakan rubuta sunansa da kwanan wata a jikin randar tun tana ɗanya, wani lokaci har da baiti biyu, a jihar da dokar 1834 ta haramta koya wa bawa karatu da rubutu. A jikin wata randa ta 1857 yana tambayar ina danginsa suke. Randunansa yanzu suna manyan gidajen tarihi na Amurka. Bayan awa biyu na jin sunayen bayi daga alƙalamin masu binciken gawa, jin bawa ya rubuta nasa da hannunsa ya sa na ga dalilin da ya sa aka ajiye shi a ƙarshe.

Ga wa katin ya dace? Malaman tarihi da ɗaliban manyan makarantu za su amfana, muddin sun gyara maganar Sumner da Brooks kafin su kai ta aji. Masu karatun shari'a za su sami abin tunani a karatu na 11 da na 12. Ba zan kunna shi a gaban ƙananan yara ba, domin bayanin raunuka a wasu wurare a fili yake, haka kuma duk wanda bai daɗe da rasa wani ta hanyar bindiga ba gara ya tsallake na 9 da na 10. Wanda yake da katinsa kada ya sayi sabo, ya kai a tura masa, zai fi sauƙi, kuma ya nemi a jera masa fayilolin daidai kafin ya bar rumfar.

Makon jiya na koma wurin yaron na ba shi takarda mai shafi biyu, ɗauke da gyare-gyaren da na ambata da sunayen mutane da garuruwa a rubuce, na ce ya ba direban da ke kawo musu kayan daga Gusau ko za ta isa hannun mai karatun. A ƙarshen takardar na roƙe shi ya sake ɗaukar karatu na 11 a wurin da babu janareto, ya kuma yi mana ko da guda uku ne a kan rinjojin Gwandu da Kabi da Zamfara, tun tsofaffin da suka ga ƙarshen abin da idonsu suna raye. Yaron ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, "Malam, in sha Allahu za ta kai, sai dai wanga na biyun ban san ko zai sayu ba." Na ce masa idan ya fito ya ajiye mini guda biyar.